Madubi mai tsini ko baƙin labule: wanne ya fi kama da salon Gotik?

'Yar uwa, tsakanin madubin nan mai tsini a sama da baƙin labule mai zanen ƙoƙon kai, madubin za ki ɗauka, kada ki yi wata-wata.

Siffa ce ke nuna abu na Gotik ne, launi daga baya ya biyo. A gini salon ya faro, a cocin Saint-Denis da ke kusa da Paris, wajen 1140. Magina suka bar baka mai zagaye suka koma wadda gefunanta biyu ke haɗuwa a tsini, saboda ta fi sauke nauyin rufi zuwa ƙasa. Suka ƙara tokare daga waje, bango ya huta da ɗaukar kaya, sai aka huda masa dogayen tagogi aka cika su da gilashi mai launi. Haske suke nema, shi ne kuma abin da aka bi a cocin Notre-Dame na Paris da aka soma ginawa a 1163. Ita baka mai tsinin ma ta riga su, tana nan a masallacin Ibn Tulun na Alƙahira da aka kammala a 879. Duhu da fatalwa sun shigo ne ta littattafan ban tsoro, tun daga na marubucin Ingila Horace Walpole a 1764, baƙaƙen tufafi kuma sai wajen ƙarshen shekarun 1970 a tsakanin matasan Ingila.

Nawa madubin na ƙarfe ne, tsayinsa ya kusa mita ɗaya, an raba fuskarsa da siraran sanduna irin na taga. Na rataye shi yana fuskantar tagar falo, da la'asar sai ya maido da hasken cikin ɗaki, rufin ma ya ƙara nisa a ido. Ranar da kawuna da ya yi karatu a Landan ya zo gaishe mu, bai zauna ba sai da ya tsaya gabansa. Ya ce tagogin ginin Majalisar Dokokin Birtaniya ya tuna masa, wanda aka sake ginawa a wannan salo bayan gobarar 1834. Wallahi na ji daɗin maganar, domin ban gaya masa komai ba, siffar kaɗai ya gani ya gane. Tun da idona ya saba da shi kuma nake tsintar salon a ko'ina: ƙofofin gidaje masu sanduna kamar mashi, fitilun bango masu rufi mai tsini, har irin rubutun da ke saman jaridar New York Times.

Labulen kuwa yana tare rana, iyakarsa ke nan. Ƙurar hunturu ba ta ɓuya a kan baƙi, rana za ta koɗar da shi ya yi ja-ja, kuma kin san abin da iyaye za su ce in suka shigo suka ga ƙoƙon kai a ɗakinki.

Sai dai ki yi hattara da masu sayarwa a Instagram da WhatsApp. Da yawa roba ce suke fesa wa baƙin fenti su ce ƙarfe ne, wasu har su rantse tsohon kaya ne daga Ingila don su ninka kuɗi. Ki je da mayen ƙarfe ki manna a jikinsa, in bai kama ba ki ajiye musu. Ki ja da baya ki kalli fuskarki, in ta karkace to gilashin siriri ne. Gilashin da aka ce mai launi ne ki sa farce a gefensa, sau da yawa leda ce aka liƙa. Kada ki tura kuɗi kafin kaya su zo hannunki. In farashin ya yi miki tsada, ki kai wa mai walda na unguwarku hoto ya ƙera miki, mai yankan gilashi ya sa madubi mai kaurin milimita 5.