Tsohon tangaran a Kaduna: wanda za ki saya da wanda za ki bari

Farantan da na fi ji da su a kabet ɗina guda shida ne, farare masu jan fure da ruwan zinari a baki. Na kakata ne. Mijinta ya yi aikin kuku a gidan wani Bature ma'aikacin masaƙa a Kakuri, da za su koma ƙasarsu uwargidan ta bar masa su. Ta irin wannan hanya tsohon faɗi-ka-mutu ya taru a garin nan. Tun da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917 baƙi ke zuwa da kayan cin abincinsu, ma'aikatan gwamnati da na jirgin ƙasa, sannan na masaƙu bayan an buɗe masaƙar Kaduna Textiles (KTL) a 1957, kuma ba duka suka koma da su ba. Yau kayan na fitowa a hannun dillalai, wajen 'yan gwanjo, ko in an zo rabon gado.

In kuɗinki na abu ɗaya ne, 'yar'uwa, ki nemi tangaran mai ƙashi na Ingila, wanda ake buga wa "Bone China" a gindi. Kusan rabin haɗinsa tokar ƙashin shanu ce, sauran farar laka da niƙaƙƙen dutse. Wani maƙerin tangaran mai suna Josiah Spode ne ya daidaita haɗin a garin Stoke-on-Trent a shekarun 1790. Ki ɗaga shi sama ki fuskanci rana, za ki ga inuwar yatsunki ta bayansa. Farinsa irin na madara ne, ba ya ɗaukar ido, ga shi shafal a hannu amma ya fi ƙarfin yadda ake zato. Nawa ƙirar Royal Albert ne, zanen da suka fitar a 1962 mai suna Old Country Roses, kuma har yau furen bai koɗe ba.

Abin da ya ƙara sa nake son na Ingila shi ne hatiminsa na faɗin shekarunsa. Kalmar "England" ta zama ruwan dare ne daga 1891, lokacin da dokar Amurka ta tilasta rubuta ƙasar da aka yi kaya. "Made in England" kuwa galibi daga ƙarni na 20 aka fara buga ta. Royal Albert sun daina ƙera kaya a Ingila a 2002 suka koma Indonesiya, don haka in kin ga wannan furen babu sunan Ingila a gindi, na baya-bayan nan ne. Yana da kyau, amma kada ki biya masa kuɗin tsoho.

Sauran ba sa buƙatar dogon bayani. Johnson Brothers yumɓu ne mai nauyi, haske ba ya ratsa shi, na cin tuwon yau da gobe ne. Noritake na Japan, tun 1904 suke aiki kuma ba su da laifi, ni dai adonsu bai taɓa kama ni ba. Masu hatimin Czechoslovakia ko West Germany ki ɗauka in da araha, ko ba komai sunan ya shaida an yi su kafin ƙasashen su sauya, ɗaya a ƙarshen 1992, ɗaya a 1990. Pyrex da Arcopal da iyayenmu suka yi jere da su gilashi ne, ba sa cikin wannan lissafi. Shuɗi da fari mai rubutun Sin da za a ce miki na zamanin wani sarki ne, ki wuce kawai.

Ni tsagewa nake fara dubawa kafin suna, domin a nan aka cuce ni. Wani ɗan gwanjo ya nuna mini babban faranti mai siffar ƙwai dab da magariba, cikin shago mai duhu, duk ya yi ƙura. Ya ce, "Hajiya, wallahi daga gidan Bature ya fito, ko ke kin san da tsohuwar zuma ake magani." Na biya ban ko taya ba. Ranar babbar Sallah na kwaso soyayyen nama daga mai na juye a kai, sai na ji ƙas, ya rabe biyu a gaban surukata. Ashe ya taɓa fashewa, an liƙe shi da gam an bi layin da farin fenti. Har yanzu in na tuna raina na ɓaci, don na yi niyyar barin sa ga 'yata.

Tun daga ranar ba na sayen tangaran sai da rana tsaka, a waje. Ki ɗora shi kan yatsu uku ki ƙwanƙwasa bakinsa da cokali. Lafiyayye zai yi ƙara mai tsawo kamar ƙararrawa, mai tsaga ko liƙi ƙararsa a dakushe take, nan take ta mutu. Ki bi bakin da farce a hankali, inda aka cike ɓalli zai ɗan riƙe farcen. Ki nemi ruwa ki wanke ƙurar a gaban mai kayan, in ya hana ki, ki ajiye masa abinsa. Wasu na jiƙa sabon faranti a baƙin shayi don ya yi launin tsufa, amma gindin zai tona su: wanda aka daɗe ana amfani da shi zoben da yake zama a kai ya goge, cikinsa kuma da sawun cokali da wuƙa. In kin ga an rubuta ana iya sa shi a injin wanke-wanke ko na ɗumama abinci, ɗan zamani ne. Takubba biyu shuɗɗa a giciye alamar Meissen ce ta Jamus, masana'antar da aka kafa a 1710, amma kada ki ruɗu da ganinta, domin tana cikin alamomin da aka fi kwaikwaya a duniya.

Saiti kuma kada ki yarda da na sama kawai. Ki kifa kowane ɗaya ki gwada hatimin, don sukan cusa baƙi biyu ko uku a tsakiya. Masu talla a WhatsApp da Instagram ki ce su turo bidiyon gindi da na ƙwanƙwasawa kafin ki tura ko sisi. Wanda fuskarsa ta yi tsatstsage kamar gidan gizo, ki bar shi a jere kada ki zuba abinci, domin yana shan mai, kuma tsohon fenti kan ƙunshi dalma.