Sharhi: zaman da likita ta fayyace mana takardar gwajin Yaya

Bayan an cire wa yayata ƙari a mama, sai aka miƙo mana sakamakon gwajin naman, shafi biyu cike da lambobi. Muka biya kuɗin ganin wata likitar sankara a Kano don ta zauna ta fayyace mana shi. Wannan kuɗi bai tafi a banza ba.

Abin da ya fi tayar wa Yaya hankali shi ne lamba 3 da ta gani, ta ɗauka cutar ta kai mataki na uku. Likitar ta ce: "Hajiya, kwantar da hankalinki, wannan ba mataki ba ne." Ashe lambar, daga 1 zuwa 3, tana nuna yadda ƙwayoyin suka sauya kama ne da saurin hayayyafarsu. Shi kuwa mataki sai an haɗa girman ƙarin, da kaluluwar hammata, da ko cutar ta bazu wani wuri. Na Yaya santimita 2.4 ne, kaluluwa 1 cikin 12 da aka cire ta kamu, gefen naman kuma babu cuta, wato ba sai an koma tiyata ba. Nan take na ga fuskarta ta saki.

Ta fi daɗewa a kan ER da PR da HER2, wato alamomi uku da ake gwadawa a jikin ƙwayoyin ƙarin, kuma ya kamata, domin su ke zaɓar magani. Idan ER ya nuna akwai, ƙarin yana girma ne da sinadarin mata na estrojin, sai a ba da ƙwaya irin su tamoxifen na shekara 5 zuwa 10. HER2 in ya kai 3+, akwai allurar trastuzumab ta kimanin shekara guda. In 2+ ne, sai an ƙara wani gwaji mai suna FISH don a tabbatar ko akwai ko babu. In duka ukun babu, kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, shi ne babban makami. Na Yaya ER ya nuna, HER2 babu.

Ƙorafina ɗaya ne: layi ya yi tsawo, kuma ba a ba mu bayanin a rubuce da Hausa ba, alhali mai jin tsoro ba ya riƙe magana. Duk mai zuwa ya tafi da ɗan rakiya da biro, ya kuma tabbatar an yi gwajin nan guda uku na ER da PR da HER2 tukuna, don sau da yawa kuɗinsu daban ake biya.