Kafson ciyawar teku da na saya saboda tarin bayan Hajji

Mutanen Makka kun san halin da muke shiga duk shekara, alhazai na tafiya sai su bar mana tari da mura, gida kaf ya kwanta. Ni kuma a masaukin alhazai nake aiki, cikin cunkoso nake wuni, shi ya sa da wata ƙawata ta Shara Mansur ta dame ni da yabon wani kafso wai na ciyawar teku mai ƙara garkuwar jiki, na je sidaliya, wato kantin magani, na sayo kwalba ɗaya, ƙwaya 60, riyal 170. Tsada kam akwai ta wallahi.

Kana buɗe murfin ƙarnin teku ne zai fara dukan hancinka, irin na kasuwar kifi ta Jidda, garin ciki kuma ruwan ƙasa ne. Amma yana wucewa a maƙogwaro ba wahala, bai taɓa tayar min da zuciya ba in dai na ci abinci tukuna.

Abin da ke ciki sunansa fukoidan, daga yauƙin nan na jikin ciyawar ake cire shi, kamar dai yauƙin kuɓewa ko karkashi. Ba sabon abu ba ne, tun 1913 wani masani ɗan Siwidin ya gano shi, mutanen Japan kuwa ciyawar abincinsu ce, irin su kombu da wakame da mozuku na Okinawa. A ɗakin gwaje-gwaje da jikin ɓeraye an ga yana zaburar da fararen ƙwayoyin jini, masu haɗiye ƙwayoyin cuta da masu kashe ƙwayar jikin da ta kamu, to amma a jikin mutum binciken kaɗan ne, kuma kaɗan ne daga cikinsa ke ratsa hanji ya shiga jini. Nan ne kwalbar ta ɓata min rai, yadda suka zuzuta shi sai ka ɗauka riga-kafi ne.

Niyyata in raba da Inna, Allah ya taimake ni likitan sidaliyar ya tambaya. Ya ce Hajiya wa zai sha? Ina cewa mahaifiyata tana kan warfarin sai ya ɗaga hannu ya ce kar in kuskura sai likitanta ya yarda, don fukoidan shi ma yana tsinka jini, in suka haɗu ana iya samun zubar jini. Ya ƙara da cewa ciyawar nan cike take da sinadarin aidin, babba maikirogiram 150 kawai yake buƙata a rana, mai ciwon maƙoƙo da mai ciki su kiyaye. Na juya kwalbar gaba da baya, ko'ina ba a rubuta yawan aidin ɗin ba! Wannan ba ƙaramin sakaci ba ne.

Wata guda na yi ina sha, mura ta kama ni sau ɗaya, kwana huɗu ta sake ni, amma bana na yi allurar mura kuma ban rabu da takunkumi ba, don haka ba zan ba kafson duka ladan ba. Tauraro uku cikin biyar na ba shi, biyun ma kirkin likitan nan ne ya jawo. Ragowar ƙwaya 30 ɗin na ɓoye su can saman kwaba inda hannun Inna ba zai kai ba, in sun ƙare ba zan sake saye ba.