Boka da Malamin Duba: Wane Suna Ya Fi Faɗin Gaskiya?

A Sakkwato, in ka ce wa mutum boka, to ka zage shi. In ka ce masa malamin duba, sai ya gyara zaman rawani. Alhali su biyun da'awa ɗaya suke yi: sanin abin da gobe za ta haifar.

Boka tun kafin zuwan Musulunci yake. Aikinsa ya haɗa da saiwoyi da tsafi da iskoki, shi ya sa ake jin kalmar kusa da bori.

Malamin duba kuwa ya fi wuyar sha'ani. Zaune yake kan buzu, ga allo, ga tasbaha, ga rairayi a baje yana bugun ƙasa. Wani kuma hisabi yake yi da sunanka da na mahaifiyarka. Wadda ba za ta taɓa taka ƙofar boka ba, sai ka ga ta tafi can ba ko ɗar, don kalmar "malam" ta kwantar mata da hankali. Wannan ne ke damuna ƙwarai, musamman a garin da Hubbaren Shehu yake. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara jihadi a 1804, ya soki masu da'awar sanin gaibu ta zanen ƙasa ko taurari. Hadisin Muslim ma ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Ni dai ɗan duba nake ce masa, malantar kuma in bar wa masu karantar da yaranmu.