Sharhi: Kwas ɗin koyon Microsoft Word da na yi a wata cibiyar kwamfuta a Kano

Ni malamin Islamiyya ne, kuma abin da ya kai ni koyon Word shi ne tambayoyin jarrabawa da wasiƙun da muke aika wa iyayen yara. Na gaji da kai su shagon buga takardu ana dawo min da su cike da kurakurai. Abokan aiki na ta tambayata ko kwas ɗin ya ci kuɗinsa. Ya ci, amma malamin ne ya sa, ba kayan aikin wurin ba.

Darasin da ya fi amfanata shi ne wanda malamin ya hana mu wasa da maɓallin tazara. Kusan duk sabon ɗan koyo, in yana son kan magana ya zauna a tsakiyar shafi, sai ya yi ta danna dogon maɓallin nan har rubutun ya matsa. Malamin sai ya zo ya tsaya a bayanka, ya danna alamar ¶ da ke sama, nan take duk tazarar da ka zuba ta fito ɗigo-ɗigo a jere, kowa na gani. Ya ce, "Malam, wannan aikin Ctrl da E ne." Haka in kana son sabon shafi, ba sai ka yi ta dukan Enter ba, Ctrl da Enter sun wadatar, kuma ko ka ƙara sakin layi a sama daga baya, babin ba zai zame ba. Ya kuma nuna mana cewa in ka sa wa kanun babi salon Heading 1, manhajar da kanta za ta haɗa maka jerin abin da ke ciki har da lambobin shafi. Ɗaliban jami'a da ke biyan kuɗi a tsara musu kundin digiri, da sun san wannan da sun huta.

Akwai kuma girman takarda. Sau da yawa Word na buɗewa ne da girman Letter na Amurka, mu kuwa A4 ake sayarwa a kasuwa, mai faɗin santimita 21 da tsawon 29.7. In ba ka sauya ba, abin da firinta zai fitar ba zai yi daidai da na kan allo ba.

Ctrl da S kuwa, wato adana aiki, ba sai an koya wa kowa sau biyu ba. Ɗauke wuta ɗaya kafin a tayar da janareta ya ishe ka darasi.

Inda cibiyar ta gaza a bayyane yake. Ɗalibai sun fi kwamfutoci yawa, sai ka ga mutum biyu a kan ɗaya, mai ƙarfin hali ya riƙe linzami, ɗayan ya zama ɗan kallo. Office 2010, wato tsohon kunshin manhajojin da Word ke ciki, ne a kansu, wanda Microsoft ta daina tallafa wa tun 2020. Wannan bai dame ni sosai ba, don tun daga 2007 tsarin maɓallan sama bai sauya can-can ba. Abin da ya ba ni haushi shi ne lokacin da aka ɓata wajen ƙawata rubutu da launi da zagaye shafi da furanni, alhali jadawali, wanda shi muke bukata don sakamakon jarrabawa, a gurguje aka wuce shi.

Hausa kuma ba ta cikin manhajar karatun sam. A tsakiyar Kano! Sai da na tambaya sannan malamin ya nuna min yadda ake fitar da baƙaƙe masu ƙugiya: ka rubuta 0199 ka danna Alt da X, ƙ ta fito, 0257 na ba da ɗ, 0253 na ba da ɓ. Manyansu su ne 0198 da 018A da 0181. Amma a kula, in harafin da ya zo kafin lambar a ne ko b ko c ko d ko e ko f, manhajar na iya haɗa shi da lambar ta rikice, don haka a fara da U+ kafin lambar. Wanda ke rubutu da yawa gara ya je Insert, ya shiga Symbol, ya ba kowane baƙi gajeren maɓallinsa sau ɗaya ya huta. Jan layin da ke bin ƙarƙashin kowace kalmar Hausa shi ma ana kashe shi a wajen zaɓen harshe. Times New Roman da Arial na nuna baƙaƙen lafiya, wasu salon rubutun na ado kuwa akwati kawai za ka gani.

Wanda bai taɓa riƙe linzami ba zai ƙaru ƙwarai a irin wannan wuri. Amma kafin ka biya, ka shiga ajin ka ƙirga kwamfutocin da ke aiki da idonka, ka kuma tambaya ko akwai lokacin gwaji bayan darasi. In ba ka da Word a gida, LibreOffice Writer kyauta ne, yana buɗe fayil ɗin docx na Word, kuma yawancin gajerun maɓallan iri ɗaya ne. In za ka kai aiki shago a fitar maka, ka mayar da shi PDF tukuna, don kada kwamfutarsu ta wargaza maka tsarin.