Shekara guda da ƙaramin banso na yankan ƙarfe a garejin gida

Maƙwabcina bai taɓa yi mini magana a kan ƙarar giranda ba. Amma duk Asabar ɗin da na kunna ta, sai in ji an jawo tagar ɗakinsa an rufe a hankali. Da ya fito ya yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Ranar da tartsatsi ya huda zanen da uwargida ta shanya a tsakar gida kuwa, ba taga aka rufe ba, magana aka yi mini, kuma na ji ta sarai.

Ni ba walda ce sana'ata ba. Aikin ofis nake yi, sai dai a ƙarshen mako in shiga gareji in haɗa ƙafar tankin ruwa, kejin kaji, ko tebur. Ƙarfe a Ƙofar Ruwa nake saye, fayif mai kusurwa huɗu da angil, jefi-jefi da dunƙulallen ƙarfe. Yankan ne ke cinye mini rana, shi ya sa na shiga neman injin da zai ɗauke mini shi ba tare da ya tashi unguwa ba.

Da farko babban injin faifai mai inci 14 na nufa, irin wanda ake gani a shagunan walda da yawa. Yana da sauri, ba musu. Sai dai giranda ce ta girma: ƙara, tartsatsi, ƙurar faifai, ga bakin ƙarfe ya yi zafi ya yi kaifi sai an bi shi da magagari. Kuma yana jan wuta wajen wat 2000 zuwa sama, ƙaramin janaretana ba zai ɗauka ba. Na kuma duba banso, wato injin zarto mai zagayawa kamar ɗamara, irin na hannu wanda ake ɗauka a kai wa ƙarfe inda yake. Ga mai aikin fita waje ya dace, amma miƙewar yankan tana hannunka ne, ni kuma hannun nawa ne ban yarda da shi ba. Wani abokina kafinta ya ce in sa wa banso ɗinsa na katako ruwan zarto na yankan ƙarfe kawai. Kada wanda ya gwada. Na katako yana gudun mita ɗaruruwa a minti ɗaya, ƙarfe kuwa ƴan gomomi yake so. Haƙoran za su ƙone nan take.

Abin da na saya shi ne ɗan banso mai kwanciya da ake kira 4 da 6, domin yana yanka abin da ya kai inci 4 a tsaye da inci 6 a kwance, ko zagayayyen ƙarfe mai kaurin milimita 115. Shekaru da dama ana ƙera wannan samfurin a Taiwan da Sin, kowane ɗan kasuwa ya shafa masa fentinsa ya liƙa sunansa, amma ciki kusan duk ɗaya ne. Ruwan zarton kamar ɗamara yake, tsawonsa milimita 1640, faɗinsa 13, yana zagaya ƙafafu biyu masu juyawa kamar taya. Ka matse ƙarfe a mamatsin injin, ka sauke kan injin a kansa, nauyinsa ne ke tura yankan, in ya gama kuma ya danne makunni ya kashe kansa. Gudu uku gare shi, ana sauyawa ta hanyar matsar da bel: kimanin mita 20, 30 da 50 a minti. Motarsa ba ta kai wat 600 ba. Wanda zai sayi tsohon da aka kawo daga Amurka ya karanta ɗan allon da ke jikin motar tukuna, domin nasu na wuta 110 zuwa 120 ne, tamu kuwa 230.

Makon farko na yi da-na-sani, kuma ba ɗan kaɗan ba.

Ƙafafun tsayuwar da ya zo da su gwangwani ne kawai aka lanƙwasa, in ka ɗaga kan injin sai gaba ɗayansa ya nemi kifewa ta baya. Yankan farko ya fito a karkace, sama da ƙasa sun bambanta da kusan milimita biyu a fayif mai inci biyu. A na uku ruwan ya sulluɓe daga ƙafarsa. Na mayar, ya sake faɗowa. A rana ta huɗu na sa masa siririn fayif, na ji ƙarar-ƙarar-ƙarar, ko da na duba haƙora sun zube a wuri ɗaya, giɓi kamar bakin ɗan shekara bakwai.

Akwai wani dattijo da ya daɗe yana aikin injina, mukan haɗu a masallaci. Na roƙe shi ya leƙo. Ya zo bayan la'asar, ya naɗe hannun riga, ya danna ruwan zarton da babban yatsa, ya dube ni.

“Yaro, wa ya ɗaure maka wannan?”

Na ce, “Ni ne, Baba. Na ji tsoron kada ya tsinke.”

Ya ce, “Murɗa. Ƙara. Ƙara dai. Sai hannunka ya gaza, sannan ya ɗauru.”

Rabin karkacewar nan ashe sakin ruwan ne. Sauran rabin yana wurin boris ɗin da ke riƙe ruwan ta gefe da gefe, su ne ke murɗa shi ya tsaya daidai a kan ƙarfe. Baba ya ɗora sikwaya, wato ma'aunin kusurwa, a kan shimfiɗar injin, ya kwance noti, ya ɗan juya, ya sake aunawa, har sai da haske ya daina ratsawa tsakanin sikwayar da ruwan. Ya ɗauki kusan awa guda bai yanka komai ba. Daga nan ya ce in buɗe akwatin giya. Man da ke ciki baƙi ne, in ka murza shi a yatsu kana jin tsakuwa-tsakuwa, ragowar yashin zubi. Giyar da ke ciki ta tagulla ce, irin wannan yashi shi ke cinye ta. Muka wanke da kananzir, muka zuba man giya mai kauri. Ya gargaɗe ni in nemi mai lambar GL-4, domin wasu na GL-5 sinadarinsu ba ya shiri da tagulla.

Zancen haƙora kuwa, laifina ne da na ruwan da aka haɗo da injin, wanda ba shi da wani kirki. Ƙa'idar ita ce a ko da yaushe a samu aƙalla haƙora uku a cikin naman ƙarfen. In bangon fayif ya fi tazarar haƙora biyu siranta, sai ya faɗa tsakaninsu ya fizge su. Yanzu ruwa biyu nake ajiyewa, dukansu irin mai ƙarfe biyu da ake rubuta wa M42, wanda bakin haƙoransa ke da kobal. Ɗaya mai haƙora 10 zuwa 14 a inci, shi ke kan injin kullum, ɗayan mai 18 na siraran fayif. Sabon ruwa ba a sakar masa nauyi gaba ɗaya. Yankan farko-farko a ɗaure sifirin ɗin da ke rage nauyin kan, a bar shi ya shiga sannu har kaifin ya zauna. Mai 10 zuwa 14 ɗin nan ya yi mini wata bakwai. Da ya fi haka, ba don na ɗora masa guntun sifirin mota ba, ƙarfe mai tauri da bai kamata ya kusance shi ba. Rodi ma ina taka-tsantsan da shi, wani lokaci akan ci karo da wuri mai tauri a tsakiyarsa.

Aikin farko da injin ya yi bayan an gyara shi, ƙafafun kansa ya yanka. Na haɗa masa teburi na angil mai taya biyu, da faranti a ƙasa mai tare garin ƙarfe.

Tun daga nan ban sake jin an rufe taga ba. Ƙararsa ba ta wuce ta keken ɗinki mai mota ba, kana iya sauraron rediyo yana aiki. Babu tartsatsi, garin ƙarfen a ƙasa yake zuba, guntun da ya faɗo kana iya ɗauka da hannu nan take. Abin da yake ci a yanka bai wuce milimita ɗaya ba, faifai kuwa yakan ci wajen uku. Abin da ya fi burge ni shi ne ranar da na yanka ƙafafun tebur guda goma sha biyu da ƙaramin sandan tsayar da awo: na jera su a ƙasa, na ɗora katako a kai, ko ɗaya bai yi rawa ba. Walda ta zama wasa, tunda babu giɓin da za a cike.

Ba shi da sauri, wannan a sani. Dunƙulallen ƙarfe mai milimita 50 yakan ɗauke shi minti shida ko bakwai a wurina. Mai shagon da ke fitar da ƙofofi da tagogi kullum zai ga kamar ana ɓata masa lokaci, gara masa faifansa. Ni kuwa a wannan mintunan nake auna na gaba ko in goge na baya. Sai dai kada “yana kashe kansa” ya ruɗe ka ka tafi cin abinci. In ruwan ya maƙale, motar ba ta da abin kare ta, tana nan tana gurnani har ta ƙone. Sau ɗaya na jiyo warin daga bakin ƙofa, na rugo na zare waya, Allah ya taƙaita.

Akwai abubuwa biyu da har yau suke ba ni haushi. Juya mamatsin zuwa digiri 45 sai an kwance notuna, kuma in ka dawo da shi sai ka sake neman daidai da sikwaya. A ƙarshe na yanka wani ƙarfe mai wannan kusurwa ina cusa shi a ciki, na bar mamatsin ya huta. Sannan tsayar da injin a yi yankan tsaye, wanda aka yi mini talla da shi sosai, ɗan farantinsa bai fi tafin hannu biyu ba, kuma sai ka hau kan injin ka zauna kamar mai tuƙa babur. Yana fitar da ƙananan faranti, iyakarsa ke nan.

Ruwan ma ba a kowane shago ake samun mai wannan tsawon ba, don haka bibbiyu nake saye in rataye a ƙusa. Watan jiya Alhajin nan mai taga ya aiko yaronsa da fayif huɗu, wai a rage masa tsawonsu zai kafa rumfar mota. Na yanka, na ce a gaishe shi.