Babur ko tsohuwar mota wa Baba Fasto? Amsa ga Mama shugabar zumunta

Salama Mama, sannunku da ƙoƙari ku da matan zumunta. Kan tambayarku ta kuɗin godiyar kaka da kuka tara, ko a saya wa Baba Fasto sabon babur ko a ƙara nema a kawo tsohuwar mota 'yar Kwatano, ni dai ba zan yi ta kewaye-kewaye ba, ku sayi babur, Boxer, sabo dal daga kwali. Na daɗe ina riƙe da jakar cocinmu na Metodis a ɓangaren Karim Lamido kuma duka biyun sun bi ta hannuna, ni nake fitar da kuɗin mansu da na gyaransu, saboda haka abin da na gani da idona nake faɗa muku.

Rabaran a ƙauye irin namu yana da babban coci inda yake zaune, sannan ga ƙananan majami'u warwatse a bayan dutse da bakin fadama waɗanda masu bishara suke riƙe da su. Mai bishara zai yi wa'azi, ya koyar da ajin baftisma, ya duba marasa lafiya, amma ranar baftismar kanta da Jibin Ubangiji da ɗaurin aure sai Rabaran ya zo da ƙafarsa. Lahadi ɗaya sai ku ga ya yi sujadar safe a nan, kafin rana ta take yana can wani ƙauye yana ba da Jibi, da yamma kuma ana jiransa gidan makoki. Ban da kiran da ba a shirya masa ba, miji da mata sun saɓa har ta fara tattara kwanukanta, wa da ƙani suna jayayya kan iyakar gona, shanu sun shiga shinkafar wani ana so a zauna da mai unguwa da arɗo tun magana ba ta yi zafi ba. Duk waɗannan wuraren hanyarsu sawun ƙafa ne da sawun shanu tsakanin gonakin dawa, wani wurin ma sai an sauka an tura. Kuma haka aikin Metodis yake tun asali, John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar a Ingila, ana ƙiyasta ya yi tafiyar mil 250,000 kafin rasuwarsa a 1791, yawancinta a kan doki, kuma shi ya tsara a raba wa masu wa'azi garuruwa kowa da zagayen da yake bi. A nan ma bayan ɗan mishan Guinter ya buɗe tashar mishan ta Bambur a 1923, iyayenmu masu bishara na farko da ƙafa suka riƙa hawan duwatsun Wurkum, daga baya keke ya zo. Fastonmu mai zagaye ne, abin hawan da ya dace da shi shi ne wanda zai shiga duk inda mutum ya iya shiga.

Bari in ba ku labarin abin da ya sa Boxer ɗin nan ya shiga raina. Cikin watan Agusta ne, ruwa ya kwana yana zuba, da asuba sai ga wani Bafulatani maƙwabcinmu a ƙofar gidan Fasto a guje, kububuwa ta sari ɗansa a bayan ruga. Kun san halin kububuwa, jini ba ya tsayawa, har ta dasashi yake fitowa, kuma ba abin da ke tsayar da shi sai allurar maganin dafi a asibiti. Mutumin nan ba ɗan cocinmu ba ne, Musulmi ne, amma ya san babur ɗin da zai tashi a wannan lokacin ba tare da an tsaya cinikin kuɗi ba. Fasto ko shayi bai sha ba, ya zura takalmin roba, aka sa yaron a tsakiya uban yana riƙe da shi ta baya, su uku a kan babur ɗaya cikin taɓo, da suka isa rafi matasa suka ɗaga shi a kafaɗa suka tsallakar, a ƙetare bugu ɗaya ya tashi kamar ba abin da ya faru. Haka suka tafi har inda suka samu mota zuwa Kaltungo, inda kowa a yankin nan ya san can ake jinyar saran maciji. Yaron yana nan da ransa, yanzu shi yake kora shanun babansa. Tun daga lokacin ƙwaryar kindirmo ba ta yankewa a gidan Fasto, ran Sallah a aiko da nama, ran Kirsimeti Mama Fasto ta aika musu shinkafa da miya, kuma da aka samu matsalar ɓarnar gona daga baya, zama ɗaya aka yi aka gama don akwai fuskar da kowa yake jin kunya. Duk lokacin da na ji ƙarar babur ɗin nan da sassafe raina yakan yi sanyi, na san wani gida zai ga Fastonsa yau.

Motar da cocinmu ya taɓa saya kuwa ba ni da abin faɗa da yawa a kanta. Ta yi kyau ranar da aka kawo ta aka yi mata addu'a, da rani ta kai mu taro a cikin inuwa, daga ruwan farko har ƙarshen damina kuma tana fake gindin mangwaro yau batir gobe famfon mai, a ƙarshe muka sayar da ita ƙasa da yadda muka saya.

Ku duba maganar mai kaɗai. Tun da aka cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta wuce 500 cikin 'yan kwanaki, a ƙarshen 2024 ta haura 1,000, mu kuma na ƙauye wurin 'yan bumburutu muke saya a galan, kullum da ƙari a kan na gidan mai. Man da mota za ta sha zuwa hedikwatar gunduma da dawowa, Boxer zai yi zagayen majami'u na mako guda da shi. Baikon Lahadi a cocin ƙauye kun fi ni saninsa Mama, tsakanin shuka da girbi ba kuɗi a hannun mutane, wata ma kwanon masara take kawowa gaban bagade. Daga wannan baikon za a fitar da albashin Fasto da na mai bishara da kason da ake turawa gunduma, to idan aka ɗora tankin mota a kai wani abu dole ya kwanta, kuma abin da yakan fara kwanciya shi ne ziyara. Fasto zai ji nauyin zuwa wurin ma'aji kullum yana cewa a ba shi na mai, sai ya yi shiru ya zauna a gida, tsofaffin da ba sa iya zuwa coci su yi ta zuba ido.

Gyara ma haka. Boxer injinsa ƙarami ne marar rikici, shi 'yan acaɓa suke mora dare da rana, saboda haka duk kasuwar ƙauye akwai bakaniken da ya san cikinsa da wajensa, fulogi, cen, tayar gaba da ta baya, wayar kulochi, duk za ku samu a rumfa ɗaya ranar kasuwa. Ko taya ta yi faci a daji yaro zai tura shi zuwa gari. Mota in ta tsaya a bayan gari sai an kwana ana gadinta, a aika Jalingo ko Gombe neman kaya, a biya wa bakanike kuɗin mota zuwa da komawa. Akwai wasu baburan masu kyau, TVS da Haojue da Honda duk na ga masu su suna yabawa, amma ku leƙa rumfar bakaniken garinku ku ga kayan wanne ne a rataye, a wurinmu dai na Boxer ne. Sai kuma kogi. Mu da muke wannan ƙetaren Binuwai, in za a je Jalingo ta Lau ake fito, babur kam ɗaga shi ake yi a sa cikin kwale-kwale tare da fasinja da buhuna, mota kuwa sai ta jira babban jirgi ko ta yi dogon zagaye ta gadar Numan. Abu ɗaya dai, cikin garin Jalingo an daɗe da takura wa masu babur, saboda haka in taron can ne ya ajiye shi a gidan ɗan'uwa a bayan gari ya shiga Keke Napep.

Na san abin da ke ran wasu iyayenmu mata, suna so su ga Babansu cikin mota kamar fastocin birni, kada ya isa wurin ɗaurin aure da ƙura a rigarsa. Wannan ƙauna ce kuma Ubangiji ya gan ta. Ranar da ake bukatar mota da gaske, kamar mai naƙuda da dole sai a kwance ko tafiyar iyali gaba ɗaya, a ɗauki shata a biya na rana ɗaya, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. In kuma Baba Fasto ya manyanta ko idonsa ya fara rauni, ku zaɓi matashi natsattse daga zumuntar matasa ya riƙa tuƙa shi, wanda ba ya shaye-shaye kuma ba ya gudu. Ku haɗa da hular kwano guda biyu da rigar ruwa da ƙwaƙƙwaran kwaɗo da sarƙa, kuma dattawa su roƙe shi ya rage tafiyar dare in ba ta rai da mutuwa ba ce, hanyoyinmu ba kamar da ba.

Ga wata magana da ba ku tambaya ba amma ta taɓa raba kan wani coci kusa da mu. Ku tsayar tun yanzu, babur ɗin na coci ne ko kyauta ce ta Fasto shi kansa. A tsarinmu bishop ne yake tura fastoci, ana iya karanta sunan Baba a taron shekara a ce an mayar da shi wata gunduma, to ranar ɗaure kaya ba ranar fara wannan muhawara ba ce. Shawarata a rubuta rasit da takardun lamba da sunan coci, a sa a littafin minit na kwamiti a karanta a gaban jama'a, duk Faston da ya zo ya tarar da shi. In zumunta tana so ta yi wa Baba kyauta tasa ta kansa, a yi ta dabam ranar bankwana. Kuma kada ku zuba kuɗin duka a saye, sabon Boxer yanzu ya haura naira miliyan ɗaya, ku rage wani abu na lamba da inshora da juyen baƙin mai, don sabon inji yana son juye da wuri kuma ba a matsa masa gudu a farko. Mu abin da ya taimake mu shi ne gonar coci, aka ware buhu biyu duk kaka aka ce wannan na babur ne, ba mai taɓawa.

Sai ku yi hankali da masu sayarwa, don da sun ji an ce kuɗin coci ne kuma mata ne suka zo, wasu sai su ga banza ta faɗi. Akwai masu ɗauko babur da ɗan acaɓa ya gama mora, a wanke inji da fetur, a sake fenti da sitika, a naɗe kujera da leda, a mayar da mita baya a ce sabo ne. Akwai masu cire kabureta da batir da tayoyin asali tun wurin haɗawa su sa na jabu, ku kuna ganin sabo ne a waje. Mafi muni shi ne na sata, wanda aka goge lambar inji aka buga wata, irin wannan ranar da 'yan sanda suka tare Fasto a hanya sunan coci ne zai ɓaci. Duk wanda ya ce muku yana da wani ɗan'uwa a Kano ko Onica da zai turo a rabin kuɗi in kun fara tura kafin alƙalami, ku ce masa kun gode, ko da ɗan coci ne, ko da ya fara da addu'a. Dillalan tsofaffin motoci ma haka suke, kalmarsu ɗaya ce, wai wata hajiya ce take hawa zuwa kasuwa kawai.

Ku je shagon dila sananne mai adireshi, ku uku, ke Mama da ma'aji da bakaniken garinku wanda shi zai riƙa gyarawa nan gaba, ku biya shi kuɗin yininsa. A buɗe kwali a gabanku, a haɗa a gabanku ko da zai kai ku yamma, bakanike ya duba lambar inji da ta bodi ya ga sun yi daidai da abin da aka rubuta a rasit harafi da harafi, rasit ɗin kuma mai hatimin shago da lambar waya. Kuɗin ku tura ta banki zuwa asusun shagon don ya bar shaida, kada ku ɗauki tsabar kuɗi a jaka ku shiga motar haya da su. In kun dawo a yi masa lamba kafin Baba ya fara fita da shi, ku ɗauki hoton takardun duka, na asali su zauna wurin sakataren coci, Fasto ya riƙa yawo da kwafi. Ku gaishe mini da Baba Fasto da Mama da dukan matan zumunta.